Amsoshin Tambayoyinku: An Kawo Mana Yara Masu Lalura, Yaya Za Mu Yi Da Su?

TAMBAYA

Ni hedimasta ne a wata firamaren gwamnati da ke ƙauye. A bana an kawo mana yarinya 'yar shekara bakwai wadda sanƙarau ya kashe mata kunne tun tana shekara uku, da wani yaro zabiya da ba ya ganin allo sosai. Akwai kuma wani a aji huɗu, ga wayo ga baki, amma har yau bai iya haɗa baƙi ba. Malamaina sun ce waɗannan ba namu ba ne, a kai su makarantar nakasassu, iyayen kuwa ba su da halin hakan. Shin doka ta tilasta mana karɓarsu? In mun karɓa me za mu yi musu, mu da aji ɗaya ke ɗauke da yara fiye da tamanin? Kuma ina ake samun kayan aiki da horo?

Daga wani hedimasta a Jihar Katsina, wanda ya nemi a sakaya sunansa.

AMSA

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ba ka sallami iyayen nan tun daga bakin ƙofa ba. Abin da aka fi yi ke nan, a ce musu nan ba wurinsu ba ne, su koma gida da ɗansu, shi ke nan maganar karatu ta mutu, sai dai a gan shi bayan shekaru a bakin kasuwa da ƙoƙon bara.

Batun doka ba shi da tsawo. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ware kurma ko makaho ko gurgu ba. Sannan a watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa. Wannan doka ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu ba tare da an ware shi ba, kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, kuma makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da ma'aikaci ƙwararre da kayan aikin da suka dace. Wanda aka kama da laifin wariya, in mutum ɗaya ne tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in ma'aikata ce naira miliyan ɗaya. An ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Jihohi da dama, irin su Legas da Filato da Kano da Jigawa da Kaduna, sun yi nasu dokokin. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce e, ba ka da hurumin korar yaro don yana da lalura.

Amma kada ka tsawata wa malamanka. Abin da suka faɗa shi aka koya wa kowa shekara da shekaru. Karatun masu nakasa a ƙasar nan da makarantu na daban ya faro. 'Yan mishan suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a Filato a 1953. Wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya zo Ibadan ya buɗe wata a 1960. Gwamnati ba ta shigo da ƙarfi ba sai 1977, shekarar da aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, aka kafa kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman a garin Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. A jiharku akwai ta kurame a Malumfashi. Waɗannan makarantu sun yi aiki, sun yaye mutanen da ake alfahari da su. Matsalarsu ita ce ƙaranci. Jiha guda mai mutum miliyoyi ta dogara da makaranta ɗaya ko biyu ko uku, yawanci a manyan garuruwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata nakasa. Irin wannan lissafi ne ya sa a watan Yunin 1994 gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifaniya suka amince cewa makarantar unguwa ita ce za ta karɓi kowane yaro, ita ce kuma za ta gyara kanta ta dace da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, a kan wannan hanya ta tafi.

Sai dai rubuta sunan yaro a rajista a zaunar da shi a bayan aji bai zama karatu ba, kuma yaran nan naka uku buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Biyu daga cikinsu za ku iya da su da abin da ke hannunku yau. Ɗayar ce ke buƙatar dogon tunani, da ita za mu fara.

Yarinyar da sanƙarau ya taɓa ba ita kaɗai ba ce. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da wannan cuta ta fi addaba a Afirka, daga Senegal har Habasha, kuma kurumta na cikin manyan tabon da take bari. Ƙyanda ma tana yi, haka shawarar jarirai da ciwon kunnen da aka bari yana zubar da mugunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya kiyayewa take zuwa. Mataki na farko shi ne a auna kunnenta a asibiti, a san ko akwai sauran ji. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. In akwai sauran ji, na'urar ƙara ji za ta taimaka. In babu, kada iyaye su sayar da akuya su sayo ta a kasuwa, domin na'urar ƙara ƙarfin sauti kawai take yi, ba ta mayar da jijiyar da ta mutu. Ko ga wanda za ta yi wa amfani, sai an saita ta daidai da kunnensa, sai batir a kai a kai, kuma hayaniyar yara tamanin ma ƙara ta take yi tare da muryar malam.

Za ka ji ana cewa ai za ta riƙa karanta leɓɓan malam. Gwada da kanka, Malam. Ka tsaya gaban madubi ka ce ba, ka ce ma, ka ce ɓa, ba tare da ka fitar da murya ba. Duka ukun leɓɓa ne suka haɗu suka rabu, ido ba zai bambanta su ba. Ka da ga da ƙa kuwa can cikin baki ake yin su, ba a ganin komai. Ga shi Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan hawa da saukar murya da jan wasali, waɗanda ba sa bayyana a fuska. Babban da ya kurumce bayan ya ƙoshi da harshe yana iya cike giɓin da hasashe. Yarinyar da ji ya ɗauke mata tana shekara uku, ta kuma yi shekara huɗu a haka, kalmomin da ta tara kaɗan ne, wataƙila ma wasu sun zube. Abin da ta fi buƙata kafin biro da littafi shi ne harshen da za ta yi tunani da shi, ta yi tambaya, a ba ta amsa. Wannan harshe kuwa na hannu ne.

A nan muna da gadon da ba kowace al'umma ke da shi ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kafin makarantun boko, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye, da ƙa'idojinsa da kalmominsa, kuma masu ji da yawa a kasuwa da tasha suna taɓa shi. Wata Bajamushiya mai binciken harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Wanda ake koyarwa a makarantun kurame kuwa daban ne, tushensa na Amurka ne, ta hanyar Foster da ɗalibansa ya shigo. Ana ta muhawara kan wanne ya kamata a fifita. Ra'ayinmu shi ne yarinya 'yar shekara bakwai ba ta da lokacin jiran a gama muhawara. A fara da wanda ake samu a garin, in ta shiga makarantar kurame daga baya za ta ɗauki na can cikin sauri, domin wanda ya riga ya mallaki harshe ɗaya koyon na biyu ba ya ba shi wuya.

To wa zai koya mata? Ka bincika garinku ko garin da kuke cin kasuwarsa, da wuya a rasa kurma babba, tela ko kafinta ko mai wankin mota, musamman wanda ya yi Malumfashi ko Tudun Maliki. A manyan garuruwa akwai Sarkin Bebaye, akwai kuma reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa a jihohi. Ku roƙi irin wannan mutum ya riƙa zuwa makaranta sau biyu a mako, kwamitin kula da makaranta na SBMC ya ɗauki nauyin kuɗin motarsa da ɗan abin hasafi. In an samu mace ya fi, tunda yarinya ce. Kuma kada a keɓe ta ita kaɗai da shi. A koya wa ajin gaba ɗaya, da malaminsu, da uwar yarinyar in za ta samu zuwa. Yara suna kama alamun hannu fiye da manya, kafin zango ya ƙare za ka ga tana da ƙawayen da take faɗa da su suna shiryawa. A cikin aji kuma a zaunar da ita gaba, inda haske ke faɗa wa fuskar malam. Malam ya daina magana yana fuskantar allo. Duk kalmar da za a koya a nuna abin, a nuna alamarsa, a rubuta sunansa: ga kofi, ga alamar kofi, ga rubutun kofi. In za a kira ta a taɓa kafaɗarta ko a ɗaga hannu a gabanta, ban da jifa da alli.

Duk da haka ba za mu ɓoye maka ba, wannan agajin gaggawa ne. Yaron da ba ya ji ko kaɗan ya fi samun karatu a inda malamai da ɗalibai ke magana da hannu daga safe har tashi, kuma ƙungiyoyin kurame na duniya kansu sun daɗe suna ƙorafin cewa jefa kurma shi kaɗai cikin masu ji, ba mai fassara, wata wariyar ce da aka sauya wa suna. Idan iyaye suka ƙi rabuwa da 'yar shekara bakwai zuwa makarantar kwana mai nisa, suna da hujja, kada a ga laifinsu. Hanyar tsakiya ita ce a ware aji ɗaya a wata firamare da ke tsakiyar ƙauyukanku, a tara kuramen yankin, a turo musu malamin da ya karanci fannin, su yi darasi tare, su yi wasa da taron safe da sauran yara. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a ajin masu buƙata ta musamman malami ɗaya yara goma. In ku hedimastocin yankin kuka haɗa sunayen yara goma kuka kai wa sakataren ilimi, kun ba shi abin da zai riƙe ya tafi hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, da shi.

Yaro zabiya kuwa lamarinsa da sauƙi, sai dai an fi yin sakaci da shi. Sinadarin da ke ba fata launi shi ne kuma ke taimakawa wajen ginuwar ido, shi ya sa kusan kowane zabiya ganinsa ke da rauni. Za ka ga ƙwayar idonsa tana rawa, yana runtse ido in haske ya yi yawa, yana karkata kai in zai duba abu. Tabarau na likita yana rage matsalar amma ba ya kawar da ita. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, kuma yawancinsu ba sa buƙatar rubutun makafi. Ku ba shi bencin gaba a tsakiya, nesa da tagar da rana ke shigowa. In ya tashi ya matsa jikin allo kada a kore shi. In ya kai littafi dab da hancinsa a ƙyale shi, hakan ba ya ƙara ɓata ido. Malam ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa da baki, ya yi manyan baƙaƙe, allon kuma a shafa masa baƙi ya yi baƙi sosai, domin farin alli a kan allon da ya koɗe ko mai lafiyar ido wahala yake sha. Ranar jarrabawa a rubuta masa tambayoyin a takarda da baƙin alƙalami mai kauri, a ƙara masa lokaci.

Abin da ya fi ido haɗari gare shi rana ce. Fatar zabiya ba ta da kariya, ƙunar rana da ake rainawa ita ke taruwa ta zama kansar fata, wadda ke kashe da yawansu da sauran ƙuruciyarsu. Ka ba shi izini a rubuce ya sa hula mai faɗin baki da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa yunifom. A taron safe ya tsaya a inuwa. Ban da shara ko noman gonar makaranta da tsakar rana, ban da horon durƙuso a fili. Sannan ka sa kunne kan sunayen da yara ke kiransa da su, domin tsokana ta fi raunin ido korar irin waɗannan yara daga makaranta.

Na aji huɗun nan, kafin a laƙaba masa wata lalura a yi tambayoyi masu arha. Yana gani sosai? A samo allon gwajin ido mai harafin E daga asibitin garinku, a tsayar da shi nisan mita shida, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan. Yana ji sosai? A tsaya bayansa a yi raɗa a ce ya maimaita. Yana zuwa kullum, ko damina da ranar kasuwa suna cinye rabin zangonsa? Sai tambayar da ba a so: yara nawa ne a ajin suka iya karatun? In rabin ajin ba su iya ba, to koyarwar za a duba kafin yaron. In kuwa sa'o'insa sun wuce shi, shi kuma yana ba da amsa daidai da baki, yana riƙe labari, yana lissafin canji, amma baƙaƙe sun ƙi zama masa, mai yiwuwa yana da abin da masana ke kira disileksiya. Wahala ce ta haɗa sauti da harafinsa, ba ta da alaƙa da daƙiƙanci ko lalaci, kuma bulala ba ta taɓa warkar da ita ba, sai dai ta koya wa yaro gudun makaranta.

Maganinta koyarwa ce a tsanake, kaɗan-kaɗan, kullum. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a rana, shi da wasu uku ko huɗu masu irin matsalarsa, sun fi awa biyu sau ɗaya a mako. A fara da Hausa, domin rubutunta yana bin furucinta fiye da na Turanci nesa ba kusa ba. Harafi ɗaya a rana ko a kwana biyu: ya ji sautin, ya faɗa, ya zana shi da yatsa a ƙasa yana faɗa, sannan a haɗa shi da wasali, ba bi bu, sannan gaɓa biyu su ba da kalma. Kada a wuce sai wanda aka yi ya zauna. Jiharku na cikin inda aka gudanar da shirin RANA na koyar da karatu da Hausa, tare da Zamfara. Bauchi da Sakkwato kuma suka yi shirin Mu Karanta. Ka duba sito ko ka tambayi ofishin ilimi, littattafan da jagoran malami na irin wannan tsari ne, kuma akwai malaman da aka horar a kansu. Kafin karatun ya kankama, a riƙa yi masa wasu jarrabawoyin da baki, don a san abin da ya sani. Kuma kada a tashe shi ya yi karatu a gaban aji ana dariya.

Yawan yaran ajinku matsala ce ta gaske, ba mu da dabarar da za ta mayar da tamanin su zama talatin da biyar ɗin da manufar ilimi ta tanada. Amma ka lura yawancin abin da muka lissafa ba ya cin lokacin malam: wurin zama, girman rubutu, fuskantar yara in ana magana. Sauran kuma a raba wa yaran. Kowane mai lalura a haɗa shi da abokin zama mai haƙuri, a riƙa sauyawa don kada ya zame wa ɗaya kaya. Makarantun allo sun daɗe da wannan, babban almajiri ke biya wa ƙarami, kuma a cikinsu makafi da yawa suka haddace Alƙur'ani. In wani malami ko uba ya yi gardama, a tuna masa da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan sha'aninsa, kuma neman ilimi ya zo yi.

Akwai aiki ɗaya da yake naka ne kai kaɗai a matsayin shugaba, shi ne rubutu. A Amurka, tun dokar 1975, kowane yaro mai lalura sai an rubuta masa tsarin karatunsa na kansa, iyaye da malamai su sa hannu. Nasu yana da shafuka da lauyoyi, naku shafi ɗaya ya isa. A rubuta abin da yaron ya iya yau, abin da ake so ya iya kafin ƙarshen zango, wanda zai yi me, da ranar da za a sake zama. Burin ya zama abin da za a iya ƙirgawa. "Za ta inganta" ba buri ba ne. "Za ta san alamar hannu da rubutun abubuwa talatin na gida da aji" shi ne buri. A kira uwa a wannan zama, ko a aika malama ta same ta a gida, domin ita ta san yadda 'yarta ke nuna yunwa da ciwo da fushi. Amfanin takardar yana fitowa ranar da aka yi wa malamin ajin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ba zai fara daga farko ba.

Wannan rubutu shi ne kuma hanyar kuɗi. Gwamnatin tarayya tana ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta, daga ciki kuma kashi 2 cikin 100 na ilimin yara masu buƙata ta musamman ne, ta hannun SUBEB yake bi. Bai taka kara ya karya ba, amma ko shi ba ya isa makarantar da ba a san tana da irin yaran ba. Fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara yana da gurbin masu nakasa, hedimastoci da yawa sifili suke cikawa ko su tsallake. Ka cika naka da gaskiya. In za ka tantance, kada ka tambayi iyaye ko ɗansu nakasasshe ne, za su ce a'a. Ka bi salon tambayoyin da masana ƙidaya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara: yana shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, ko kula da kansa, ko fahimtar magana, kuma wahalar kaɗan ce ko mai yawa? Da wannan za ka gano wasu da ke cikin ajujuwanka tuntuni ba a lura ba. Daga nan ka rubuta wa sakataren ilimi takarda, ka ajiye kwafi, ka nemi abu takamaimai. UBEC tana da tallafin gyaran makarantu da ke bi ta kwamitocin SBMC, ku nema. In za ku yi gangaren keken guragu, ƙa'idarsa ita ce duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu, wato dakali mai tsayin santimita 30 yana son gangare mai mita 3.6. Wanda ya gaza haka turin mutum biyu yake buƙata. Ku fara da ƙofar aji ɗaya da banɗaki ɗaya.

Horo kuwa, kwalejin Oyo tana nan, Jami'ar Bayero ta Kano da ta Jos da ta Ibadan duk suna da sashen wannan fanni. Ka ƙarfafa wa malami ɗaya mai sha'awa gwiwa ya nemi ƙarin karatu a can. Kafin nan ka tambayi sakataren ilimi ko cikin malaman ƙaramar hukumarku akwai mai irin wannan shaida, ba abin mamaki ba ne a same shi a wata firamare yana koyar da lissafi. Ko ziyarar yini ɗaya da malamanka biyu za su kai Malumfashi su zauna a bayan aji su kalla, za ta sauya musu tunani fiye da bitar otal. Don ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, don ƙafa da ƙashi akwai asibitin Dala a Kano. Akwai Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da aka kafa a 2020, da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD mai rassa a jihohi, su ne suka san inda ake rabon kekuna da sanduna da na'urori.

Ba ka tambayi makaho ba, amma zai zo. Rubutun da Louis Braille na Faransa ya ƙirƙiro a ƙarni na 19 ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, kuma allonsa da abin hudawarsa ba su da tsada, mai koyarwa ne ke wuya. Wayar Android tana da TalkBack mai karanta abin da ke kan fuskarta, kwamfuta kuma akwai manhajar NVDA kyauta. Hukumar JAMB tun 2017 take da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola mai shirya wa makafi jarrabawa, WAEC da NECO ma suna yin tanadi in an sanar da su lokacin rajista. Ka faɗa wa iyaye wannan, domin da yawa suna ganin karatun ba shi da inda zai kai.

Mai farfaɗiya ma zai zo, in ma ba ya cikin ajinku yanzu iyaye sun ɓoye. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In ta tashi a kawar da benci, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, in jijjigar ta lafa a juya shi ta gefe. In ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Akwai magani mai sauƙin kuɗi da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu shan sa a kan ƙa'ida.

Malam, ranar Litinin ka sauya wa yaran nan uku wurin zama, ka aika a nemo maka kurman da zai koyar da maganar hannu, ka sa ranar zama da iyayensu kafin mako ya fita. Sauran hedimastoci da malamai masu karanta wannan shafi, musamman waɗanda suka taɓa buɗe ajin kurame a makarantar unguwa, muna roƙon ku rubuto mana yadda kuka yi da SUBEB, mu buga don Malam da ire-irensa su amfana. Allah ya taimaka.